Ƙofar Ruwan Da Ta Gagari Amurka Tun 1956

Yau zan ɗan yi nisa da ku, zuwa birnin New Orleans na jihar Luwiziyana a kudancin Amurka, domin mu duba wata tsohuwar ƙofar jiragen ruwa da aka buɗe tun shekarar 1923. Majalisar dokokin Amurka ta ba da izinin a canza ta da sabuwa a 1956, watau shekara huɗu kafin Nijar ta samu ƴancin kai. Shugaban ƙasar na lokacin, Eisenhower, ya mutu tun 1969. Sabuwar ƙofa kuwa har yanzu tana cikin takarda, tsohuwar ce dai ke buɗewa da rufewa dare da rana.

Na san wani zai ce, mu da ba mu da ko taku ɗaya na bakin teku, ina ruwanmu da ƙofar jiragen Amurka? Amsa ita ce, ƙasar da ta saukar da mutum a kan wata ba za a ce ta rasa injiniyoyi ko kuɗin gina ƙofa guda ba. In har aiki ya gagare ta tsawon waɗannan shekaru, to dalilin ya isa a tsaya a dube shi, musamman ga mu da kullum ake yi mana alkawarin manyan ayyuka a kan kogin Isa. Ra'ayina shi ne, abin da ya tsai da wannan aiki abu biyu ne. Masu cin moriyar hanyar ruwan daban, masu kwana cikin haɗarinta daban. Sannan hukumar da ke tsakaninsu ta ɓarar da amanar da talakawan wurin suka ba ta, har ta kai ko gaskiya ta faɗa ba su yarda.

Hanyar da ke bin gaɓar teku

Da farko bari mu san hanyar. Duk wanda ya dubi taswirar kudancin Amurka zai ga bakin tekun Meziko cike yake da tafkuna da fadamu da bakunan koguna, da wasu tsibirai dogaye da suka yi wa gaɓa katanga. Amurkawa suka haƙa magudanai suka haɗa waɗannan ruwaye, har aka samu hanya guda mai bin gaɓar teku ta cikin ƙasa, tun daga garin Brownsville na jihar Teksas a kan iyaka da Meziko har zuwa jihar Fulorida. Tsawonta ya haura kilomita 1,700, ya zarce nisan Yamai zuwa Difa. Zurfin da doka ta yanka mata bai kai mita 4 ba, faɗinta kuma kimanin mita 38.

Tunanin irin wannan hanya ya daɗe, domin tun 1808 ministan kuɗin Amurka Albert Gallatin ya kai wa majalisa shawarar a haɗa ruwayen gaɓa da magudanai. Amma yaƙin duniya na biyu ne ya nuna amfaninta a fili. A 1942 jiragen yaƙin Jamus masu tafiya a ƙarƙashin ruwa sun riƙa nutsar da jiragen dakon mai a tekun Meziko, sai aka koma bin ta cikin ƙasa inda ba za su iya shiga ba. An kammala haɗa hanyar a 1949. Kula da ita yana hannun rundunar injiniyoyin sojan Amurka, irin abin da muke kira jeni militer a nan, sai dai tasu galibin ma'aikatanta farar hula ne.

Jiragen da ke bin hanyar na dako ne, masu shimfiɗaɗɗen ciki, ba su da inji. Ana ɗaure biyu ko huɗu ko shida wuri guda, wani ƙaramin jirgi mai ƙarfin inji ya tura su ta baya. Guda ɗaya yana ɗaukar tan 1,500, watau lodin tirela 50 ke nan idan kowace ta ɗauki tan 30. Kayan da ke bi ta wurin a shekara ya haura tan miliyan 100, galibi man fetur da ɗanyen mai da sinadaran masana'antu, domin manyan matatun man Amurka a wannan gaɓa suke.

Yadda zauren jirage ke aiki

Masu Faransanci suna ce da wannan ƙofa ekuluz. Ni dai zan kira ta zauren jirage, domin aikinta ɗaya ne da zauren gidan Bahaushe: ƙofa ta waje, ƙofa ta ciki, baƙo ya shiga ya dakata kafin a yi masa iso. Ana gina shi ne inda ruwa biyu suka haɗu amma ɗaya ya fi ɗaya tudu. Jirgi ya shiga, a rufe ƙofar baya. In hawa zai yi, sai a buɗe bututu ruwan sama ya kwararo cikin zauren har ya yi daidai da na gaba. In sauka ne, sai a zubar da ruwan zauren zuwa ƙasa. Daga nan a buɗe ƙofar gaba ya wuce. Ba a buƙatar famfo, nauyin ruwa ne ke yin aikin. Dabarar ma tsohuwa ce, wani ma'aikacin gwamnatin Sin mai suna Qiao Weiyue ya gina irinsa tun shekara ta 984.

A kan wannan hanya kowane zaure da dalilinsa. Waɗanda ke bakin kogin Misisipi, kamar na Harvey da na Algiers da na Port Allen, an yi su ne saboda kogin yakan fi ƙasar da ke gefensa tudu, lokacin cikarsa bambancin yakan kai mita 4 ko fiye. Da an bar magudanar a buɗe, kogin zai bi ta ciki ya malale gari. Na Calcasieu da na Leland Bowman a yammacin Luwiziyana aikinsu tare ruwan gishiri ne, kada ya shiga ruwan daɗin da manoman shinkafa ke ban ruwa da shi. A Teksas kuma, inda hanyar ta ratsa kogin Brazos da kogin Kolorado, an kafa ƙofofi a shekarun 1940 domin hana laka da yashin kogi cike magudanar.

Daga nan mai karatu zai gane cewa riƙon irin wannan ƙofa shari'a ce ta kullum. Idan ruwan sama ya yi yawa a yankin manoman shinkafa, suna son a bar ƙofofin Calcasieu a buɗe ruwa ya tsiyaye daga gonakinsu. Mai jirgi kuma ƙarfin wannan ruwa yana hana shi wucewa, yana tsaye yana ƙona mai yana biyan ma'aikata. Wanda makulli ke hannunsa dole ya ɓata wa ɗaya rai. Saboda haka babban jarin hukumar da ke riƙe da hanyar ruwa shi ne kowane ɓangare ya yarda cewa ba a cutar da shi da gangan ba.

Zauren 1923

Zauren da muke magana a kai yana kan wata magudana mai tsawon kimanin kilomita 9 da ta haɗa kogin Misisipi da tafkin Pontchartrain ta tsakiyar New Orleans. Hukumar tashar jiragen ruwan birnin ce ta fara haƙa ta a 1918, aka buɗe a 1923, gwamnatin tarayya kuma ta sayi zauren a 1986. Tsawonsa mita 195, faɗinsa mita 23. A zamaninsa abin alfahari ne. Amma jiragen yau sun fi ƙarfinsa. Ayarin da ya iso sai an kwance shi, a shigar da jirage kashi kashi, a sake ɗaurewa a ɗaya gefen. Masu jirage kan yi awoyi masu yawa a layi, wani lokaci har kwana da yini.

Abin da ya ƙara tsananta lamarin shi ne, duk jirgin dakon da ya fito daga Teksas ko yammacin Luwiziyana zai nufi gabas, zuwa jihohin Misisipi da Alabama da Fulorida, ta wannan ƙofa guda zai bi. Idan aka rufe ta don gyara, sai jirage su gangara kusan bakin kogi su ratsa buɗaɗɗen ruwa mai igiya, wanda ba don shi aka ƙera su ba. Hanyar kilomita 1,700 ta zama tana rataye a kan ƙofa mai mita 23, wadda ta haura shekara 100. Don haka kukan masu jirage gaskiya ne, ba zan musa musu ba. Ƙarfe da siminti suna tsufa, kuma ranar da ƙofar ta ƙi buɗewa ba da sanarwa za ta yi ba.

Unguwar da ke bayan katanga

To mi ya hana a gina sabuwa? A shekarun 1970 an so a kai ta wani wuri mai suna Violet a ƙasa da birnin, mutanen can suka ƙi. Aka dawo da ita cikin gari, kusa da tsohuwar. A nan kuwa akwai unguwar da ake kira Lower Ninth Ward da maƙwabciyarta Holy Cross, waɗanda galibin mazaunansu baƙaƙen fata ne masu ƙaramin ƙarfi, da yawansu kuma gidajensu na kansu ne. Wannan magudana ita ce ta yanke su daga sauran gari tun farko. Gadojin da suke bi duk masu ɗagawa ne, in jirgi zai wuce sai kowa ya tsaya, da mai zuwa aiki da mai kai marar lafiya asibiti.

Tarihin da ke tsakanin talakawan wannan yanki da hukumomin ruwa ba mai daɗi ba ne. A ambaliyar 1927 manyan birnin suka sa aka fasa katangar kogi da nakiya a Caernarvon domin a tsirar da New Orleans, ruwa ya cinye gidajen talakawan da ke ƙasa, diyyar da aka yi musu alkawari kuma kaɗan ce ta isa hannunsu. A 1965 guguwar Betsy ta fasa katangar wannan magudana, ruwa ya shiga Lower Ninth Ward. A waɗannan shekaru ne kuma rundunar injiniyoyi ta haƙa wata gajeriyar hanya mai kilomita 120 daga birnin zuwa teku, wadda aka fi sani da MRGO, domin manyan jiragen teku. An ce za ta kawo arziki. Jirage kaɗan ne suka bi ta, gaɓarta ta yi ta zaizayewa har faɗinta ya ninka, ruwan gishiri ya shigo ya kashe dazuzzukan fadama waɗanda a da su ke rage ƙarfin igiyar teku kafin ta iso gari. Mutanen yankin sun shekara da shekaru suna roƙon a rufe ta, ba a saurare su ba.

Ranar 29 ga Agusta 2005 guguwar Katrina ta iso. Katangar magudanar ta fashe wuri biyu ta ɓangaren Lower Ninth Ward, ruwa ya tumɓuke gidaje daga tushensu, har wani ƙaton jirgin dako ya bi ta kafar ya sauka a tsakiyar unguwa. Kusan kashi 80 cikin 100 na birnin ya nutse, mutanen da guguwar ta kashe sun haura 1,000. A 2006 shugaban rundunar injiniyoyin, Janar Carl Strock, ya amsa cewa akwai kuskure a yadda aka tsara katangun birnin. A 2009 wani alƙalin tarayya, Stanwood Duval, ya yanke hukuncin cewa rundunar ta yi sakaci wajen kula da MRGO. Amma a 2012 kotun ɗaukaka ƙara ta soke diyyar, bisa hujjar cewa doka ta kare gwamnati daga irin wannan ƙara. Unguwar da ke da mutum wajen 14,000 a shekara ta 2000, a ƙidayar 2010 ba su kai 3,000 ba.

Sai da aka yi wannan asara sannan aka toshe MRGO da duwatsu a 2009, aka kuma gina wata babbar katanga mai kusan kilomita 3 a gabashin birnin domin tare igiyar teku, a kan kuɗi sama da dalar Amurka miliyar ɗaya. Abin da aka ce ba zai yiwu ba shekara da shekaru, cikin ƴan shekaru kaɗan ya yiwu, bayan an binne mutane.

Yanzu a ce wannan hukuma ta dawo wa waɗanda suka tsira ta ce musu za ta yi sama da shekara goma tana haƙa da kafa turaku a bayan gidajensu, za ta yashe laka mai gubar masana'antu daga ƙasan magudana, za ta taɓa gadar da suke bi, za ta kuma matso da ruwan kogi cikin unguwa, amma su kwantar da hankalinsu, lissafinta daidai ne. Hausawa na cewa wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Ƙungiyar mazauna Holy Cross da ƙungiyoyin kare muhalli sun kai ƙara, kotun tarayya ta dakatar da aikin sau biyu bayan Katrina. A karo na biyu, a 2011, alƙali ya ce rundunar ba ta yi bayanin dalilin gina zaure mai zurfi na jiragen teku ba, alhali hanyar da jiragen tekun za su biyo an riga an toshe ta. A 2017 rundunar ta dawo da tsarin zauren da ya dace da jiragen dako kawai, mai tsawon mita 274 da faɗin mita 33 da ɗoriya. Kuɗin da ake zancen kashewa yanzu miliyoyi sun wuce, ana maganar miliyar miliyar ne na dalar Amurka.

Wa ke biya?

Wannan ya kawo mu ga maganar kuɗi. Jirgin da ya bi ta waɗannan zauruka ba ya biyan ko sisi a bakin ƙofa. Yashe hanya da gyaran ƙofofi da albashin ma'aikata duk daga baitulmalin tarayya suke fitowa. Sai a 1978 aka yi dokar da ta ɗora wa masu jirage haraji a kan man da suke ƙonawa, ana zuba shi a wani asusu na gina sababbin ayyuka. Tun 2015 harajin santi 29 ne a kan galan guda mai kusan lita 4. In aka juya shi zuwa kuɗinmu, bai wuce dala goma ba, watau sefa 50, a kowace lita. Abin da asusun ke tarawa a shekara dalar Amurka miliyan 100 ne da ɗoriya.

Dokar 1986 ta ce wannan asusu ya biya rabin kuɗin kowane sabon aiki, baitulmali ya biya rabi. Sai wani aiki guda, zaure da barajin Olmsted a kan kogin Ohayo, ya laƙume asusun. An amince da shi a 1988 a kan dalar Amurka miliyan 775, aka buɗe shi a 2018 bayan ya ci kusan miliyar 3, sauran ayyuka suna layi suna jira. Adalci ne a faɗi cewa masu jirage da kansu suka goyi bayan a ƙara musu harajin mai daga santi 20 zuwa 29. Amma adalci ne kuma a faɗi cewa bayan haka kason da suke biya ya sauka zuwa kashi 35 cikin 100 a 2020, ya sake sauka zuwa kashi 25 a 2024. Ragowar talaka mai biyan haraji ne ke ɗauka, har da mutumin Lower Ninth Ward. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Masu goyon bayan wannan tsari suna da hujja. Suna cewa jirgin dako ya fi tirela sauƙin mai da ƙarancin hayaƙi da haɗari, kuma in kaya ya yi arha kowa ne ke amfana, don haka babu laifi gwamnati ta ɗauki nauyin. Na yarda da rabin maganar. Amfanin ya bazu a kan ƙasa baki ɗaya, kowa ya samu ɗan kaɗan. Amma ribar da ake ƙirgawa tana shiga aljihun kamfanonin mai da na sinadarai, haɗarin kuma ya taru a kan unguwa ɗaya. Lissafin da ke auna awoyin jiran jirgi da kuɗi, amma ba ya auna fargabar mai gida da ke kwana a gindin katanga, lissafi ne da aka bar rabinsa.

Abin da nake gani

A ganina ya kamata a gina sabon zauren, domin jiran tsohon ya mutu ba dabara ba ce, kuma in ya mutu ba zato ba tsammani za a yi aikin ne cikin gaggawa, ba tare da an saurari kowa ba. Amma mutanen unguwar suna da gaskiya da suka ƙi karɓar alkawarin baki. Abin da aka ce za a yi musu, na ƙarfafa katanga da sabuwar gada da diyyar masu gidaje da masu shaguna, shi ya kamata a fara yi a gama, kafin a kafa turken farko na zauren. Masu duba ingancin aikin su kasance daga wajen rundunar, kuma mutanen unguwa su samu bakin magana wajen zaɓen su, domin hukumar da ta amsa kuskurenta a 2006 ba za ta zama mai gini kuma mai shaidar kanta ba. Sannan masu jirage da kamfanonin da suke yi wa dako su ƙara abin da suke biya. Wanda ya ce jinkirin ƙofa yana jawo masa asara mai yawa, ai ya nuna da bakinsa cewa sabuwar ƙofa tana da daraja a wurinsa.

Mu kuma fa?

Bahaushe ya ce in ka ga gemun ɗan uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Tun da aka rufe iyakarmu da Binin bayan juyin mulkin Yulin 2023, kowa ya ɗanɗana abin da ake nufi da dogara ga ƙofa guda. Kayan da a da ke fitowa daga Kwatano ta Gaya suka koma zagayawa ta Lome da Burkina Faso da rakiyar soja, jama'a kuma suka riƙa ƙetare kogi da kwale-kwale tsakanin Gaya da Malanbil. A irin wannan hali mutum kan dubi kogin Isa ya ce, ga hanya Allah ya shimfiɗa mana har teku.

Waɗanda suka gabace mu sun yi wannan tunani. Barajin Markala na Mali da aka gama a 1947 yana da zauren jirage. Barajin Kainji na Najeriya da aka gama a 1968 an gina shi da zaure domin jirage su hau su sauka, haka ma na Jebba da ke ƙasa da shi. A 2009 marigayi shugaba Umaru Musa Ƴar'aduwa ya ƙaddamar da yashe kogin daga Warri zuwa Baro, kilomita 572, a 2019 kuma shugaba Buhari ya buɗe tashar jiragen ruwa ta Baro, wadda ta shafe shekaru bayan bikin ba ta ga lodin kirki ba. Duk da wannan siminti da aka zuba, ɗan kasuwar Maraɗi ko na Damagaram bai san wata hanyar ruwa da zai sauko da kayansa daga teku ba. Hanyar ruwa sai an yashe ta kowace shekara, an shafa wa ƙofofinta mai, an biya mai gadinta. In ƙofa ɗaya ta cije, duk abin da aka kashe a sama da ƙasa da ita ya tashi a banza.

Namu kogin ma ya fi nasu wuyar sha'ani. A watan Yunin 1985 ruwansa ya tsaya cik a Yamai, a 2020 kuma ya fasa katanga ya shiga unguwannin babban birnin. Ƙasashe tara ne ke da hannu a cikinsa ta Hukumar Kogin Isa, wadda aka kafa a 1964, aka sake mata fasali a 1980, kuma mazauninta yana nan Yamai. Idan Amurka, mai gwamnati guda da baitulmali guda, ta kasa sasanta mai jirgi da mai gida tun 1956, to ƙasashe tara sai sun yi da gaske. Ga kuma barajin Kandaji da aka aza tubalinsa a 2008, wanda zai tayar da dubban mutane daga garuruwansu da gonakinsu. Waɗannan su ne namu mutanen bayan katanga, kuma yadda aka cika musu alkawari shi zai nuna ko wasu za su yarda da aikin da zai biyo baya.

Saboda haka ina kira ga ƴan jarida da ƙungiyoyin farar hula da sarakunanmu na bakin kogi, duk ranar da aka zo mana da zancen baraji ko tasha ko hanyar jirage, kada mu tsaya ga tambayar nawa za a kashe da wa zai ba da bashi. Mu tambaya daga wace jaka kuɗin gyara zai riƙa fitowa shekara 20 bayan an watse daga biki. Mu tambaya makullin ƙofa a hannun wa zai kasance ranar da manomi da masunci da mai jirgi da kamfanin lantarki kowa ke son ruwa a lokaci guda. Mu tambaya su wa za su kwana a gindin katanga, kuma mi aka riga aka ba su a hannu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mutanen New Orleans ba su samu damar yin waɗannan tambayoyi ba a 1918 da aka fara haƙa, jikokinsu ne suka biya a 2005.

Allah ya ba shugabanninmu ikon riƙon amana, ya kiyaye mu da ambaliya da fari, amin.